Rassan da aka yi watsi da su a Git: wanne za a goge, wanne za a adana

Duk rumbun Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da ake yi wa fayilolin aiki) da ya shekara biyu ana aiki a cikinsa, in ka buga `git branch -a` sai jerin sunayen rassa ya cika allon kwamfuta har ya zarce. Ga `gyara-faktir`, ga `gyara-faktir-2`, ga `gwaji`, ga wani da ba wanda ya tuna dalilin buɗe shi. A ƙananan ƙungiyoyin masu rubuta manhaja na nan Maraɗi abin ya fi saurin taruwa, domin masu aikin ba sa daɗewa. Ɗalibi ya zo sitaj daga jami'a, ya yi wata biyu ko uku, ya buɗe rassa ya koma karatu. Wani ya samu aiki a Yamai ya tafi. Ɗan kasuwar da ya ce a ƙara masa lissafin masu bashi a manhajar kantinsa ya fasa bayan an yi rabin aiki. Rannan sai wani ya gaji da ganin tarkacen ya ce a share duk reshen da ya wuce wata uku ba a taɓa shi ba, kuma a irin wannan sharar ce ake asarar aiki. Daɗewar reshe ba ta nuna komai game da abin da ke cikinsa. Tambayar da ta dace ita ce: akwai wani aiki a wannan reshe da babu shi a ko'ina?

A Git, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Afrilun 2005, reshe ba kwafin fayiloli ba ne. Suna ne da ke nuna kwamit guda, wato adanawa ta ƙarshe da aka yi a wannan layin aiki. In ka leƙa `.git/refs/heads/` za ka ga ɗan fayil mai bait 41: lambar kwamit mai haruffa 40 da alamar ƙarshen layi. Wani lokaci Git ya tattara sunayen cikin fayil guda mai suna `packed-refs`, amma maganar ɗaya ce. Kowane kwamit ya san wanda ya gabace shi, don haka muddin akwai suna a kan na ƙarshe, duk na baya suna nan daram. Kamar takardar suna ce da ake maƙala wa buhu a sito: in ka cire takardar buhun bai tafi ko'ina ba, amma ranar da aka zo shara, buhun da ba shi da suna shi ake fitarwa. Mai sharar a nan shi ne `git gc`, kuma yana da ƙa'idodin lokaci da za mu zo kansu.

Abu na biyu da ke rikita mutane shi ne reshe ɗaya yana zaune a wuri uku. Akwai na kwamfutarka, `gwaji`. Akwai na sabar, a GitHub ko GitLab ko injin ofis. Sannan akwai `origin/gwaji` (`origin` shi ne sunan da Git ke kiran sabar da shi), wanda shi ma a kwamfutarka yake, yana riƙe da yadda ka ga na sabar a zuwanka na ƙarshe. Goge ɗaya ba lallai ne ya goge sauran biyun ba. Da yawa daga sunayen da ke cika ido ma na ukun ne, an daɗe da goge su a sabar amma kwamfutarka ba ta sani ba. Don haka matakin farko shi ne:

`git fetch --prune`

In kana son ganin abin da zai cire kafin ya cire, buga `git remote prune origin --dry-run`. In kuma kana son hakan ya riƙa faruwa a kowane `fetch`, saita shi sau ɗaya da `git config --global fetch.prune true`. Wannan ba ya taɓa rassanka na gida ko kaɗan.

Akwai tarko a nan ga masu tattalin data. Saboda tsadar intanet da raunin rezo, mutane da yawa suna ɗauko rumbu da `git clone --depth 1`. Wannan ba ya kawo sai reshe guda da guntun tarihi, don haka jerin da za ka gani bai cika ba, kuma duk gwajin haɗewa da za ka yi a kansa zai iya yi maka ƙarya. Wanda zai yi shara dole ya kasance da cikakken tarihi. Ya buga `git remote set-branches origin '*'`, sannan `git fetch --unshallow`, a lokacin da rezo ya zauna.

Kafin a taɓa komai

A rubuta sunayen rassan sabar da lambobinsu a fayil:

`git ls-remote --heads origin > rassa-kafin-shara.txt`

Dalili kuwa, in ka goge reshen gida Git na faɗa maka lambar kwamit ɗin da yake kai, amma in ka goge na sabar ba ya faɗa. Wannan ɗan fayil shi zai cece ka idan bayan sati guda wani ya zo neman aikinsa.

Sai jerin rassan daga mafi daɗewa, da sunan wanda ya taɓa kowanne a ƙarshe:

`git for-each-ref --sort=committerdate refs/remotes/origin --format='%(committerdate:short) %(authorname) %(refname:short)'`

GitHub da GitLab su ma suna ware rassan da suka yi wata uku babu sabon kwamit, su kira su tsofaffi. Yana da amfani wajen sanin inda za a fara duba, amma ba hukunci ba ne. Reshen da ke riƙe da sigar manhajar da wata makaranta ke amfani da ita zai iya shekara ba a taɓa shi ba, kuma shi ne za a nema ranar da ta lalace. A ɗaya gefen, reshen da ya mutu tuni zai iya bayyana da kwanan watan jiya, saboda `rebase`, wato sake ɗora kwamit ɗin reshe a kan sabon tushe, yana sabunta ranar kwamit ko da ba a canza layi ɗaya ba.

Gane wanda aka riga aka haɗe

`git branch -r --merged origin/main` zai jero rassan da duk kwamit ɗinsu sun shiga babban reshe. In babban reshenku `master` ne sai a sa shi. GitHub ya koma ba sababbin rumbuna sunan `main` ne a Oktoban 2020, tsofaffi kuwa suna nan da sunansu. Abin da ya fito a wannan jeri ana iya goge shi da kwanciyar hankali, in banda `main` ɗin kansa da rassan dindindin irin su `develop` da na fitar da siga, don su ma suna fitowa. Mai rubuta umarnin da zai goge duk jerin a bugu ɗaya ba tare da ya tace waɗannan ba, shi ke janyo wa ƙungiya kwanan zaune.

Wahalar tana ɗaya jerin, na `--no-merged`. Ba duk abin da ke ciki ne ba a haɗe ba. Idan ƙungiyarku na haɗe aiki ta hanyar dunƙule kwamit da yawa su zama ɗaya, abin da maɓallin `Squash and merge` ke yi, ko ta `rebase`, to aikin ya shiga `main` da sababbin lambobi, Git kuwa lamba yake dubawa. Sai ya ce maka reshen bai haɗe ba alhali ya haɗe. Ga yadda ake tantancewa, daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

`git rev-list --left-right --count origin/main...origin/gwaji` zai ba ka lambobi biyu. In ka ga misali 214 da 3, ma'ana `main` ya yi gaba da kwamit 214 tun rabuwarsu, reshen kuma yana da 3 nasa na kansa. Waɗannan ukun su ne abin dubawa, kuma `git log origin/main..origin/gwaji` zai nuna maka su. A kula da ɗigo: biyu a nan, uku a can.

`git cherry -v origin/main origin/gwaji` ba lamba yake kwatantawa ba, canjin da ke cikin kwamit yake kwatantawa. Wanda ya fito da alamar `-` yana da takwara a `main`, mai `+` kuma babu. Yana kama abin da ya shiga ta `rebase` ko `cherry-pick` (ɗauko kwamit guda daga wani reshe). Amma idan an dunƙule kwamit uku sun zama ɗaya, ba zai gane su ba, domin babu ko ɗaya cikin ukun da ya yi daidai da dunƙulen.

Ga wannan sai gwajin haɗewa na wucin gadi. Ka tsaya a kan `main` ba tare da wani canji da ba ka adana ba, ka buga `git merge --no-commit --no-ff origin/gwaji`, sannan `git diff --cached --stat`. In bai nuna komai ba, reshen ba shi da abin da zai ƙara. Ka janye da `git merge --abort`. In rikici ya tashi, wato ɓangarorin biyu sun canza wuri ɗaya a fayil, wannan bai tabbatar da cewa aikin bai shiga ba. Sau da yawa ya shiga ne sannan aka sake gyara layukan daga baya. A nan ba makawa sai mutum ya karanta da idonsa, ko ya duba ko buƙatar haɗewar reshen (`pull request` a GitHub) an rufe ta a matsayin wadda aka haɗe.

Wanda ba a haɗe ba da gaske

Wannan shi ne reshen da aka yi watsi da shi a haƙiƙa, kuma umarni ba ya yanke hukuncinsa. A nemi mai shi tukuna. Ko ya bar garin, saƙon WhatsApp ɗaya ya isa: ga reshe kaza, ka gama da shi ko akwai abin da ke kwamfutarka da ba ka turo ba? Rabin tambayar na biyu ya fi muhimmanci. Aikin da ya fi shiga haɗari ba na sabar ba ne, wanda ke zaune a kwamfutar mutum ɗaya ne, kwamfutar da ke shan zafin Afrilu da ƙurar hunturu, wadda watakila za a goge ta a ba sabon ɗan sitaj. Kafin kowa ya bar ƙungiya ya kamata ya buga `git log --branches --not --remotes --oneline`, wanda ke nuna kwamit ɗin da ba su kai sabar ba, da kuma `git stash list`, don canjin da aka ajiye gefe da `git stash` ba ya tafiya sabar da `push`. A ba da wa'adi bayyananne, sati biyu ya wadatar, a rubuta shi inda kowa zai gani.

Idan a cikin reshen akwai gyara ɗaya mai amfani a tsakiyar shirme, a ɗauko shi kaɗai da `git cherry-pick` da lambarsa. Idan kuwa reshen ya yi nisa da `main` da ɗaruruwan kwamit, a ganinmu ƙoƙarin haɗe shi ɓata lokaci ne. Ya fi sauƙi a karanta shi don a ga dabarar, a sake rubuta ta a sabon reshe. Warware rikici a fayilolin da aka sauya wa fasali sau biyu yana cin lokaci fiye da sabon rubutu, kuma kuskure na shigewa ba a gani ba.

Sauran, waɗanda ba a buƙata yanzu kuma ba a da tabbacin ba za a buƙace su ba, a maƙala musu tambari kafin a goge sunan:

`git tag -a ajiya/gwaji origin/gwaji -m "An dakatar: mai kanti ya fasa lissafin bashi. Rabin aiki ne, ba a gwada ba."`

`git push origin ajiya/gwaji`

Tambari na riƙe kwamit ɗin kamar yadda reshe ke yi, sai dai ba ya motsi kuma ba ya fitowa a jerin rassa, don haka ba wanda zai yi kuskuren ɗora sabon aiki a kansa. Bayanin da ke bayan `-m` shi ne rabin amfanin abin, a rubuta dalili na gaskiya. Ranar da aka buƙace shi, `git switch -c gwaji ajiya/gwaji` zai dawo da reshen yadda yake. `Switch` ya shigo ne a Git 2.23 na 2019, mai tsohuwar siga ya yi amfani da `git checkout -b`. Kada a ba tambari suna iri ɗaya da reshe, Git zai riƙa ƙorafin bai san wanne ake nufi ba. Sannan a duba ko an saita sabar ta fitar da sabuwar siga duk lokacin da aka turo tambari. In haka ne, a ware `ajiya/*` daga wannan ƙa'ida tukuna, kada aikin da bai kammala ba ya isa hannun masu amfani.

Tambari yana da aibi guda. Duk wanda ya yi `clone` zai sauke abin da tambarin ke riƙe da shi. In reshen ya ƙunshi kwafin rumbun bayanai ko tarin hotuna da wani ya jefa ciki, kowane sabon ma'aikaci zai ci gaba da biyan kuɗin datar sauke su. GitHub na hana fayil da ya haura megabait 100, amma goma masu 40 kowanne za su wuce lafiya. Irin wannan reshe a fitar da shi waje ɗungurungum: a ɗauko shi gida da `git switch gwaji`, a buga `git bundle create gwaji.bundle gwaji`, a tabbatar da `git bundle verify gwaji.bundle`, a ajiye fayil ɗin a wuri biyu daban, misali ƴar ma'ajiyar USB da faifan ofis. Ana iya `clone` ko `fetch` daga gare shi ba tare da intanet ba. Fayilolin Git LFS, tsarin ajiye manyan fayiloli, dai ba sa shiga ciki, sai an ajiye su daban.

Gogewar kanta

Jerin matakai yana da tasiri, saboda wani hali na `git branch -d` da ba kowa ya sani ba. An ɗauka cewa ƙaramin `-d` ba ya goge reshen da ba a haɗe da `main` ba. Abin da yake dubawa a zahiri shi ne ko reshen ya shiga takwaransa na sabar. Sai in ba shi da takwara ne yake kwatanta shi da inda kake tsaye. Ke nan reshen da aka tura sabar amma ba a haɗe ba, `-d` zai goge shi da ɗan gargaɗi kawai. In ka bi da goge na sabar, aikin ya fita daga wuri biyun ke nan ba tare da wani ya tare ka ba. Don haka a fara da tambari, sai sabar:

`git push origin --delete gwaji`

Sannan a koma kan `main` a buga `git branch -d gwaji`. Yanzu da takwaran ya tafi, gwajin na gaske ne. In ya ƙi, kuma ka riga ka tabbatar ta hanyoyin da ke sama ko ka yi tambari, sai babban `-D`. Git ba zai goge reshen da kake tsaye a kai ba, ko wanda ke buɗe a wani `worktree`, wato wata jakar aiki ta biyu ta rumbun. A kuma sani cewa goge reshen da ke da buƙatar haɗewa a buɗe a GitHub yana rufe buƙatar.

Sauran abokan aiki, bayan sun yi `fetch --prune`, za su ga `gone` a gefen rassansu na gida idan suka buga `git branch -vv`. Masu Linux da aka saita da Faransanci, kamar yawancin injunan da ke nan, za su ga kalmar a fassare, kuma umarnin da aka kwafo daga intanet mai neman `gone` ba zai sami komai ba. A sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin. Kada kuma a ɗauki `gone` a matsayin izinin gogewa: yana nufin na sabar ya tafi, bai ce na gida ba shi da ƙarin kwamit ba.

Akwai rassan da ke dawowa bayan an goge su. Kusan kullum dalilin shi ne wani mai tsohuwar kwamfuta ya buga `git push --all`, ya mayar da duk abin da ke wurinsa. Mafi muni shi ne `git push --mirror`, wanda bayan dawo da matattu yake goge duk abin da ke sabar da babu shi a wurin mai turawar. A kulle `main` da rassan siga da kariyar da GitHub da GitLab ke bayarwa, a kuma sanar da kowa ranar shara. Wani ciwon kuma shi ne saƙon `cannot lock ref`: an goge `gyara` a sabar, wani ya buɗe `gyara/faktir`, kwamfutarka kuwa tana riƙe da tsohon `origin/gyara`. Suna ɗaya ba ya zama fayil kuma ya zama jaka a lokaci guda. `git remote prune origin` ke warware shi.

In an goge bisa kuskure

Lambar kwamit kawai ake buƙata: `git branch gwaji` sai lambar. A same ta daga fayil ɗin da aka ajiye tun farko, ko daga saƙon da Git ya buga lokacin gogewa, ko daga `git reflog`, kundin da ke rubuta inda kowane suna ya taɓa nunawa, a kwamfutar da aka yi aikin. Kundin reshen kansa yana tafiya tare da shi, amma na `HEAD`, wato inda kake tsaye, yana nan. A saitin asali, shigarwar kundin na ɗaukar kwana 90, wadda kuma ke nuna kwamit ɗin da ba a iya kaiwa gare shi daga inda ake yanzu kwana 30 ce. Bayan haka `git gc` na share abin da ba shi da mai riƙe shi in ya wuce sati biyu, kuma yakan tashi da kansa idan ƙananan fayilolin ajiya sun kai kusan 6,700. Idan kundin bai taimaka ba, `git fsck --lost-found` zai jero kwamit ɗin da ke yawo ba suna. Rumbun sabar da ba shi da fayilolin aiki ba ya ajiye wannan kundi sai an kunna masa, don haka kada a dogara da shi. A GitHub, reshen da ya taɓa samun buƙatar haɗewa yana da maɓallin `Restore branch` a shafin buƙatar. Wanda bai taɓa samu ba, ba shi da wannan gata.

Wannan sauƙin dawowa yana da ɗaya fuskar. In an taɓa adana kalmar sirri ko mabuɗin biyan kuɗi ta waya a cikin reshe, goge reshen bai ɓoye komai ba. Kwamit ɗin na nan a kwamfutar duk wanda ya taɓa saukewa, kuma a sabar ana iya kai wa gare shi da lambarsa. A canza mabuɗin a ranar, sannan a yi maganar shara.

Masu riƙe da tsofaffin rumbuna na wasu tsare-tsare ba su da wannan fargaba iri ɗaya. A Subversion reshe jaka ce, `svn delete` na cire ta daga sigar yanzu amma tana nan cikin tarihi. A Mercurial sunan reshe yana rubuce a jikin kowane kwamit, ba a goge shi, rufe shi ake yi da `hg commit --close-branch`.

Abin da ke rage aikin gaba ɗaya saiti ne guda: a GitHub a kunna `Automatically delete head branches`, a GitLab a zaɓi goge reshen tushe lokacin haɗewa. Daga nan duk reshen da aka haɗe zai tafi da kansa, har da waɗanda aka dunƙule, kuma abin da zai rage a jeri shi ne wanda ke buƙatar idon mutum. Sai a sa sunan mai shi da lambar aiki a sunan reshe, kamar `sitaj/42-lissafin-bashi`, da haruffa marasa lanƙwasa kuma duk ƙanana, domin Windows ba ya bambanta `Gwaji` da `gwaji` alhali sabar Linux na ɗaukarsu rassa biyu. Dubawa sau ɗaya a wata uku ta ishi ƙungiyar da ba ta wuce mutum goma ba, tare da ƙarin dubawa ɗaya a satin ƙarshe na duk wanda zai tafi, tun kwamfutarsa tana ofis.